Keke a Bayan Mota: Nasiha ga Samarin Dandume

'Ya'yana, ranar kasuwar Dandume idan la'asar ta yi sanyi, ku tsaya bakin titi ku kalli bayan motocin da ke fita ta hanyar Funtua. Za ku ga Golf but a buɗe, buhunan masara sun leƙo waje, an kwantar da keke a kansu, tayarsa ɗaya tana juyawa a iska. Za ku ga Sharon an cusa mata babur, rabinsa ciki rabinsa waje. Za ku ga a-kori-kura an jera mata kekuna a ƙofar baya, igiya ɗaya ce ta zagaye su duka. Yawancin wannan ɗaurin ba direba ne ya yi shi ba. Samari ne irinku, yaran mota da 'yan dako da 'yan kamasho, wani lokaci kuma mai keken da kansa. Shi ya sa da ku nake magana.

Direba yana da gilashi a gabansa da madubi a gefensa, amma abin da aka rataya a bayan motarsa ba ya ganinsa. Idan igiya ta saki, shi ne na ƙarshe da zai sani. Wanda zai fara sani shi ne mai babur da ke biye da shi, ko motar da ta ɗauko mata da yara daga Mahuta ko Dantankari. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma ɗan Adam yana buƙatar wajen daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Idan keke ya faɗo a gaban mutum, kafin ya gane abin da ya gani ya riga ya hau kansa. Wannan mutumin bai san ka ba, bai ga lokacin da kake ɗaurin ba, amma ransa ya rataya ne a kan ƙullin da ka yi.

Kuma kekuna sun ƙara yawa a kan hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama sun jingine babura sun karkaɗe kekunan da suka daɗe a zaure. Ɗalibi zai koma makaranta Zariya da kekensa. Mai tafiya cin rani zai tafi da nasa. Magidanci zai sayo sabo a Funtua ya ɗoro shi a mota. A zamanin iyayenmu, lokacin da kamfanin Raleigh yake da masana'anta a Kano, mutum yakan sayi keke da kuɗin audugar shekara guda, ya naɗe masa jiki da leda mai launi, ya goge shi kowace safiya. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika ƙauyukanmu. Mutanen wancan lokaci ba sa miƙa kekensu ga yaron mota su tafi shan shayi. Tsayawa suke yi a kansa har a gama ɗaurewa. Yau da keke ya sake zama dukiya, wannan hali ne nake so ku ɗauka.

A Turai akwai wata irin mota da iyali ke tafiya hutu da ita, a cikinta akwai gado da wurin girki, a bayanta kuma an ɗaura ƙarfen ɗaukar kekuna. Kamfanoni irin su Thule na ƙasar Siwidin da Fiamma na Italiya sun yi suna a ƙera wannan ƙarfe. Abin da ya kamata ku lura da shi shi ne yadda suka tsara aikin. Kowane keke yana da kwarin da tayoyinsa za su zauna, da bel da ke riƙe kowace taya, da hannun ƙarfe da ke damƙe jikinsa. An rubuta iyakar nauyin da ƙarfen zai ɗauka, da yawa ba su wuce kilo 60 ba. Idan kaya zai rufe lamba da fitilu, sai an maƙala wasu fitilun da wata lambar a bayansa. A Italiya, kayan da ya zarce bayan mota sai an rataya masa allo mai ratsin ja da fari. Sannan mai lasisin ƙaramar mota ba ya tuƙa wadda nauyinta da kayanta ya haura tan 3.5, don haka sukan auna motar kafin su kama hanya. Ban kawo wannan don in ce sun fi mu hankali ba. Tsofaffin direbobinmu da suka yi jigilar auduga zuwa Funtua sun san duk wannan da hannunsu da kunnensu. Bambancin shi ne su can sun rubuta shi sun mai da shi doka, mu kuwa namu ilimin yana bin tsofaffin zuwa kabari saboda ba mu tsaya mun tambaye su ba.

Abu na farko da nake so ku fahimta shi ne nauyi, kuma duk ɗan manomi ya riga ya san shi. Idan ka loda wa amalanke taki ka tara shi can baya da taya, karkiya takan ɗaga sama ta shaƙe wuyan shanu, su kasa ja, amalanken ya riƙa lilo. Haka mota take. Duk abin da aka ɗora a bayan tayoyin baya yana danne su da fiye da nauyinsa, kuma yana ɗaga gaban motar. Mu yi lissafi. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Golf kusan mita 2.5 ne. Ka ɗora kaya mai kilo 100, nauyin buhun masara ke nan, a nisan mita 1 bayan tayar baya. Tayoyin baya za su ji kilo 140, tayoyin gaba kuma za a rage musu kilo 40. Ka ƙara buhu na biyu, ka ɗora babur irin Boxer da ya haura kilo 100, ka ga inda lissafin ya nufa. Alhali tayoyin gaban nan su ne ke juya motar, su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, a Golf ma su ne ke jan ta. Idan suka yi sakayau, sitiyari ya yi laushi a hannu, mota ta ƙi bin kwana yadda aka nufe ta, musamman da damina in titi ya jiƙe. Da dare kuma fitilun gaba su ɗaga sama su kashe wa mai tahowa ido. Tayoyin baya su yi ta ɗaukar zafi har ɗaya ta fashe, sai a ce tsautsayi ne, alhali tun a tasha aka shirya shi.

Don haka kaya mai nauyi a tura shi ciki, kusa da kujera, a ƙasa. Mara nauyi ya zo daga baya. Keke na cikin marasa nauyi, irin namu na ƙarfe bai fi kilo 20 da ɗoriya ba, shi ya sa ake barinsa ƙarshe. To a nan ne kuma ake yi masa riƙon sakainar kashi, saboda an ga ba shi da nauyi. Matsalar keke siffarsa ce. Yana da feda da ke tsini, da hannu da ke juyawa, da tayoyi da ke gangarawa, da sarari da iska ke shiga ta girgiza shi.

Ga yadda ake yi. Kafin a ɗora shi, ka cire duk abin da zai iya ficewa: famfo, fitila, kwando, da abin da ka ɗaure a kariya. Idan akwai sifana a kusa, ka kwance fedar da za ta kwanta a jikin mota ko a kan buhu, don ita ce ke huda buhu masara ta yi ta zuba a hanya, ita ce kuma ke fasa gilashin baya. Idan babu, ka naɗe ta da tsumma. Ka sassauta hannun keken ka juya shi ya daidaita da jiki. Ka kwantar da shi ɓangaren kaca yana sama, don kada nauyi ya lanƙwasa haƙoran kacar. Ka sa kwali ko tsohon buhu a duk inda ƙarfe zai gogi ƙarfe. Tayar gaba ka ɗaure ta da jikin keken da 'yar igiya don ta daina juyawa. Sannan babbar igiya ta bi ta cikin jikin keken, wato ƙarfen nan mai kusurwa uku da ke tsakiya. Kada ta bi ta cikin wayoyin taya, ko ta kan kariya, ko ta kan sirdi. Wayoyin taya sirara ne, matsa ɗaya za su lanƙwashe, rim ya karkace, ka isa gida da keke mai tafiyar maciji. Sirdi kuwa ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi.

A ɗaure a wuri biyu aƙalla, da igiya biyu dabam. Ku riƙe wannan da kyau. Igiya ɗaya mai tsawo da aka zagaya sau goma, igiya ɗaya ce har yanzu. In ta tsinke a wuri guda, duka zagayen sun tafi tare. Kuma a duba inda aka kafa ta a jikin motar. Bambar motocin yanzu roba ce da aka maƙale da 'yan ƙusoshi, ba ta riƙe komai. A nemi ƙugiyar jan mota da ke ƙasa, ko ƙarfe mai ƙarfi na jikin motar. Idan kekuna biyu ne ko uku, a juya su kai da ƙafa, wannan ya kalli dama wancan ya kalli hagu, a sa kwali a tsakani, kowanne da nasa ɗaurin.

Sai batun roba. Na san kuna son robar da ake yankowa daga tsohon tub, saboda tana da arha, tana da saurin ɗaurewa, kuma tana matse kaya a kariyar keke ko ta babur yadda ya kamata. Amma a bayan mota ba ta isa ita kaɗai ba. Roba miƙewa take yi. Mota ta faɗa rami, keken ya yi tsalle, robar ta ba shi hanya sannan ta dawo da shi da ƙarfi ya bugi mota, haka za a yi ta yi har ta gaji. Rana tana cin ta, mai yana narkar da ita, kuma ba ta nuna alama kafin ta tsinke. Masu tsara ƙa'idar ɗaurin kaya a Turai sun ƙiyasta cewa idan aka taka birki da ƙarfi, kaya yana turawa gaba da kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, a kwana kuma yana turawa gefe da rabin nauyinsa. Babur mai kilo 100 ke nan zai fizgi ɗaurinsa da ƙarfin kilo 80 a lokaci guda. Ku yi amfani da igiya mai kauri wadda ba ta tsufa ba, ko bel irin na tireloli mai ƙarfen matsewa, roba kuma ta zama ƙari don hana kaya kaɗawa. Ku je wurin tsohon yaron babbar mota ku ce ya koya muku ɗaurin da suke yi wa tamfol, wanda ake yin zobe a tsakiyar igiya a zura bakinta a ja, ya matse sosai kuma ya kwance cikin sauƙi. Koyonsa ba ya cin yini, kuma har ka tsufa yana yi maka aiki. Bakin igiyar da ya rage a naɗe shi, kada a bar shi yana ja a ƙasa inda zai iya naɗe taya.

Akwai haɗari biyu da ke fitowa daga salansa, kuma na biyun ba a cika sanin sa ba. Na farko zafi. Tayar keke ko igiyar leda da ta sauko daidai bakin salansa za ta narke kafin a kai Bakori. Na biyu hayaƙi. Motar da ke tafiya da but a buɗe tana zuƙo hayaƙin salansarta zuwa ciki, saboda iskar da ke bayan mota juyawa take yi ta dawo. A cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da barci. Sau nawa fasinjan kujerar baya ya sauka yana cewa tafiya ce ta gajiyar da shi? Yara ƙanana da masu juna biyu sun fi saurin jigata, kuma su ake yawan turawa baya. Idan dole ne a tafi da but a buɗe, a sauke gilasai iska ta ratsa, kuma duk wanda ya fara jin jiri ya faɗa, a tsaya. Direban da ya fara hamma a irin wannan mota ba lallai rashin barci ne ke damunsa ba.

Babur yana da nasa ƙarin sharaɗi, wato mai. Kada a kwantar da babur da tanki cike. A rufe makunnin mai, a zuƙe abin da ke tankin a jarka, a bar injin ya huce kafin a ɗora. Fetur da ke ɗiga a kan buhu, kusa da salansa mai zafi, ga wani fasinja da taba a hannu, ba sai na ƙarasa muku ba. In da hali a tsayar da shi a kan tayoyinsa a cikin a-kori-kura, a sa shi a giya, a ja shi da igiya ta kusurwa huɗu.

Idan an gama, ka koma baya taku goma ka kalli motar kamar kai ne mai binta. Kana ganin fitilar birki? Kana ganin ta nuna hannu? Lamba a fili take? Keken bai zarce faɗin motar ba, inda zai kwashi mai tafiya a gefen titi? Idan kaya ya leƙo baya, a ɗaura masa jan ƙyalle. Ganyen da wasu ke soka wa ba ya nuna komai da magariba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kama mota saboda lodin da ya wuce ƙima da kuma rufe lamba, haka ma jami'an KASSAROTA a nan jihar Katsina. Amma ni ba tarar ce ta dame ni ba. Fitilar birki ita ce kaɗai hanyar da direba ke gaya wa na bayansa cewa zai tsaya.

Daga nan ka kama keken da hannu biyu ka girgiza shi da ƙarfinka. Idan ya motsa shi kaɗai, ɗaurin talala aka yi masa, a sake. Idan motar ce ta motsa tare da shi, ya ɗauru. Duk da haka kowane ɗauri yana saki bayan an fara tafiya, saboda buhuna suna zama, igiya tana miƙewa. Ƙa'ida ita ce a tsaya bayan 'yan kilomitoci a ƙara matsewa. A nan dole in faɗi abin da ku ma kun sani. Hanyoyinmu, musamman wadda ta nufi Birnin Gwari da waɗanda suka ratsa ta Sabuwa da Faskari, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma ba ko'ina direba zai yarda ya tsaya ba. Gaskiyarsa ne. Wannan ya ƙara wa ɗaurin farko muhimmanci, domin igiyar da ta kwance a tsakiyar daji tana tilasta wa mutum goma sha wani abu tsayawa a inda bai kamata su tsaya ba. A yi dubawar a bakin gari kafin a fita, a sake yi a gari na gaba, cikin mutane, da sauran rana.

Na san abin da ke ranku. Za ku ce, Baba, ni yaron mota ne, maigida ya ce a ƙara buhu, ni wa zan ce wa a'a? Ko kuma ni fasinja ne, direba yana sauri, 'yan kamasho suna ta buga mota. Ban ce ku yi wa kowa rashin kunya ba. Akwai yadda ake magana. Ka matsa kusa ka rage murya ka ce, "Maigida, bayan nan ya zauna da yawa, ko mu mai da buhu ɗaya ciki?" Ko ka ce, "Direba, don Allah ka ba ni minti biyu in ƙara igiya, kada ya fasa maka gilashi." Ka nuna masa asararsa, zai saurare ka. Shi ma ba mugu ba ne. Mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, ga kuɗin tasha, ga balas da zai kai wa mai mota da yamma, shi ya sa yake ganin kowane buhu riba ne. Amma sifirin ɗaya da ya karye ko taya ɗaya da ta fashe ta cinye ribar buhunan mako guda, kuma direban kirki ya san haka. Kai mai keke, ka zo da igiyarka daga gida, ka biya kuɗin kaya ba tare da dogon ciniki ba, don wanda aka matse wa kuɗi ba ya ɓata lokaci a kan ɗauri. Yaron da ya ɗaure maka da kyau, ka ba shi na goro ka gode masa a gaban maigidansa.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kansa, shi ne hawan mutum a kan kaya. Kuna ganin tireloli suna wucewa ta Funtua zuwa kudu, an loda buhuna ko shanu, an jera babura a sama, samari sun zauna a kan baburan za su je neman kuɗi Legas ko Abuja. Na san talauci ne ke hawar da su, kuɗin bas ya fi ƙarfinsu. Amma idan irin wannan mota ta faɗi, kayan da mutum ya zauna a kai su ne ke danne shi, kuma a rana ɗaya gari guda yakan yi jana'izar samarinsa da yawa. Ka tura babur ɗinka a motar kaya, kai ka bi ta mutane, ko da sai ka ƙara mako kana tara kuɗin. Haka zama a bakin but ƙafafu na reto don a riƙe keke da hannu. Hannu ba ya riƙe abin da igiya ta kasa.

Za ku ji ana cewa, "Mu tafi kawai, Allah zai kiyaye." Allah Shi ne mai kiyayewa, babu shakka. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Sun kuma karantar da mu cewa kisan kuskure yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Ku tambayi malamin unguwarku hukuncin wanda sakacinsa ya jefa ƙarfe a kan hanya har rai ya salwanta. Idan kuma kun tarar da haɗari, lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ku ajiye ta a waya.

Idan an isa, kada ka haye keken nan take ka kama titi. Ka juya kowace taya ka ga ko rim ya karkace. Ka mai da hannun daidai ka matse shi sosai, domin hannun da aka sassauta aka manta yakan juya a kwanar farko. Fedar da ka kwance, ka tuna ta hagu tana ɗauruwa ne ta ɓangaren hagu, saɓanin sauran ƙusoshi, kada ka tilasta ta ka cinye mata haƙori. Ka gwada birkin gaba da na baya a cikin tasha. Idan wani abu ya lalace a hanya, ka nuna wa direba tun yana nan, cikin ladabi, a gaban shugabannin tasha, kafin motar ta juya.